Ƙofar da Ba Ta da Suna

Zancen ya fara ne a layin kofi,
irin farawar ruwan Seattle:
ba tsawa, ba guguwa, yayyafi kawai,
sai ka duba ka ga rigarka ta jiƙe.

Wai kamfaninmu, mai tallar manhaja a jikin kowace bas,
mai cewa a kan tsarinsa duniya ke juyawa,
wai ko albashinmu
a kan tsarin abokan hamayya ake lissafa shi.

Marisol ta ce sharri ne.
Doyle ya ce ƙanen matarsa ya gani da ido.
Kafin azahar na'ura ɗaya ta zama ashirin,
kafin la'asar ta cika bene guda.
Ni dai na zuba sukari cokali biyu,
na juya, na juya,
har kofin ya huce a hannuna.

Don ni ne mai aikin dare.
Ƙarfe sha ɗaya nake sauka hawa biyu ƙarƙashin ƙasa,
kati a wuya, rigar sanyi ko da ana zafi a waje,
in buɗe ƙofar da ba a rubuta mata suna ba.
Su bakwai ne, ba ashirin ba.
Suna jere suna gurnani, koren idonsu na ƙyaftawa,
kuma tambarin da ke goshinsu ba namu ba ne.
Wani ya manna farar takarda a kai tun kafin zuwana.
In gefenta ya ɗago
ni nake danne shi da babban yatsa.

Shekara shida ba su taɓa ba ni kunya ba.
Namu na sama kuwa,
a bar kaza cikin gashinta.

Ranar Talata shugaba ya hau dandamali,
baƙar riga, farin takalmi,
ya ce tuwon da muke sayarwa shi muke ci.
Aka yi tafi. Ni ma na yi.
Tafi ai ba rantsuwa ba ne.

Sai na tuna Kawu Lawwali a Funtuwa,
telan da unguwa ke layi a shagonsa.
In Salla ta matso, bayan isha'i,
yakan naɗe yadinsa a hammata, ya bi ta lungu
zuwa wurin Mamuda,
Mamudan da da rana ko gaisuwa ba ta haɗa su.
Na tambaye shi ina yaro, ya ja kunnena:
“Ka taɓa ganin wanzamin da ya aske ƙeyarsa?
Ya fi ni iya wuyan riga. Kuma ban ce maka komai ba.”

Juma'a, bayan an idar,
a gidan abincin Somaliyawa,
ga Sagir, wanda ke aiki can tsallaken tafki wajen su abokan hamayyar,
yana yanka ayaba a kan shinkafa.
Ya rage murya:
“Tanimu, ka ji abin da ake faɗa a kanku?”
Na ce kunne ba ya da murfi.

Ya tauna. Ya kalli taga. Ya sake taunawa.
“Mu tara ne,” in ji shi,
“bayan ɗakin tsintsiya.
Tambarinku ne a jiki. Ni nake sayo takardar.”

Muka yi dariya har mai abinci ya leƙo,
har shayi ya sarƙe ni.
Ya biya nawa, na biya nasa.

Da dare na sauka kamar kullum.
A sama an bar musun a kan tebur, za a ɗora Litinin.
Bakwai ɗin nan suna ta aikinsu,
ba ruwansu da wanda ya haife su.
Gefen takardar ya sake ɗagowa.
Na tsaya ina kallonsa, na daɗe,
sannan na danne.